Fiyano Ba Ya Kirari

Yanzu a yawancin bukukuwan Warra DJ ake ɗauka, makaɗa kuwa suna zaune a gida. Waƙoƙin fim da ke zuwa mana daga Kano ma, da fiyanon Yamaha da kwamfuta ake haɗa kiɗan yawancinsu. Ba mu ƙi na'ura ba, domin da ita ɗalibi mai waya zai iya haɗa kiɗa a ɗaki. Amma kalangu magana yake yi: makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata, sautin ya hau ya sauka har ya yi wa mutum kirari. Da kalangu aka yi wa Mamman Shata kiɗa har rasuwarsa a 1999.

Muna roƙon malamanmu su gayyato makaɗan garin nan, mu naɗi kiɗansu da izininsu, mu kuma koya a hannunsu tun suna raye.