Kafin a shimfiɗa kwalta a fadamarmu

Ƙannenmu na sakandare: Mu da muka tashi a Ungogo, daga Fanisau har Gayawa da Rangaza, rugugin jirgi ba baƙo ba ne a kunnenmu. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano maƙwabcinmu ne, kuma tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano. Muna da wani maƙwabcin kuma, rafin Jakara, wanda ke fitowa daga birni ya bi ta gonaki har madatsar Wasai a Minjibir. A bakinsa iyayenmu ke noman latas da alayyafo da rani, da kuɗinsu ake biya mana kuɗin jarrabawa.

Ruwa ne ya haɗa maƙwabtan nan biyu. Fadama tana shanye ruwan damina, ta riƙa sakinsa sannu a hankali. Kwalta da kankare kuwa ba sa sha. Duk ranar da aka tsawaita titin saukar jirgi aka cike fadama, ruwan zai nemi wata hanya, sau da yawa ta cikin gidaje, yana ɗauke da ragowar mai. Masu jirage ma ba sa son kududdufi kusa da su, domin yana tara tsuntsaye, injin jirgi kuma kan zuƙe su.

Shi ya sa Najeriya ta kafa dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli a 1992, wadda ake kira EIA. Ta wajabta a yi nazari kafin gina filin jirgi mai titin da ya kai mita 2,500. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da izini, kuma kafin nan ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su faɗi ƙorafinsu. A Abuja, taƙaddamar diyya da mutanen Jiwa ta jinkirta aikin titi na biyu, sai a 2023 aka sasanta.

Matsalar ita ce da Turanci ake rubuta rahoton, shafi ɗaruruwa, kuma yawancin masu gonar ba za su iya karanta shi ba. Mu da ku ne za mu karanta musu. Idan aka sanar da baje irin wannan rahoto, mu je da littafi da biro mu nemo amsar tambaya uku. Ina ruwan damina zai bi? Gonakin wa za su tafi? Nawa ce diyya? Ku sani, dokar filaye ta 1978 amfanin gona da gini take biya, ba ƙasar kanta ba.

Ba ma ƙin ci gaba, mu ma muna so mu hau jirgi. Amma tun ran gini, tun ran zane.

Aikin wannan mako: ku tambayi wani dattijo a unguwarku inda ruwa ke bi da damina, ku zana taswirarsa, ku aiko mana.