Tiyo Guda Ya Kan Tsai Da Katafila

Rani shi ne lokacin haƙa. Tun daga watan Janairu har zuwa ƙarshen Afrilu a ke yashe tafkuna, a ke gyara magudanai, a ke cike kwazazzaban da ruwan damina ya ci. A da aikin gayya ne, da diga da shebur da kwanon sarki. Yanzu kuwa a ƙasar Ƙaraye da Rogo, kamar sauran wurare, katafila mai haƙa a ke nema, gama abin da ta ke kwashewa a yini ɗaya ya fi ƙarfin ƙato ɗari.

To, amma akwai wani abu da a kan gani a wurin irin wannan aiki. Sai a tarar da katafila tsaye, bokitinta a ƙasa, mai ya jiƙe wurin sharkaf, direba kuwa yana kwance gindin itace. In an tambaya mene ne, sai a ce tiyo ne ya fashe. Watau injin da kuɗinsa ya kai miliyoyin naira ya zama kamar dutse saboda wata 'yar roba da tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ƙasar Ƙaraye ta daɗe da sanin amfanin manyan injuna. Madatsar ruwa ta Calawa, wadda hukumar WRECA ta Jihar Kano ta fara, Gwamnatin Tarayya ta karɓa, aka gama a 1992, tsayinta mita 42 ne, tsawonta ya kusa kilomita 8. Ba hannu ya tara wannan tudu ba. Amma aikin manya daban, na talaka daban. Babban ɗan kwangila yana tafiya da makanikansa da rumbun kayan gyara. Manoman Kafin Dafga ko na Turawa ko na Zarewa, in sun yi karo-karo sun ɗauko katafila haya, daga ita sai direbanta da yaronsa. Saboda haka ya kamata manomi ya san yadda abin nan ya ke aiki, tun da kuɗinsa ne ke tafiya.

Ƙarfin katafila ba a hannunta ya ke ba, a cikin mai ya ke. Inji ya kan juya famfo, famfo ya tura mai da ƙarfi cikin bututun ƙarfe, man ya shiga silinda ya tura sanda, sanda ta ɗaga hannu. Duk inda hannun ya ke lanƙwasa, bututun ƙarfe ba ya iya bi, dole sai tiyo mai tanƙwaruwa. Wannan hikima ita ce a ke kira haidirolik. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa ruwan da aka kulle aka matsa, matsin ya kan kai kowane lungu daidai wa daida. A 1795 Joseph Bramah ya ƙera injin matsa kaya bisa wannan ilmi a Ingila. Shi kuma Harry Ferguson ya kawo dabarar gona, har ƙaramar taraktarsa da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946 ta riƙa ɗaga garma da ƙarfin mai. Ashe tarakta da katafila da tifa duk uwarsu ɗaya.

Matsin nan ba na wasa ba ne. Da wani awo a ke auna shi, sunansa bar. Iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan kai. Tarakta ta kan yi aiki da wajen bar 200, babbar katafila kuwa ta kan kai 350. In an so a gane, a ɗauki buhu uku da rabi na masara a ɗora nauyinsu duka a wurin da bai fi farcen yatsa faɗi ba. Irin nauyin da kowane ɗan wuri na cikin tiyon ke ɗauke da shi ke nan, tun safe har yamma, ga zafin mai, ga zafin rana.

Don haka tiyon haidirolik ba irin mesar ban ruwa ba ne, ko da ya ke ido ya kan ga sun yi kama. Ciki roba ce wadda mai ba ya ci, sa'an nan waya ta ƙarfe, sa'an nan wata roba a waje. Wani saƙar waya ɗaya gare shi, wani biyu, na babban matsi kuwa naɗi huɗu ko shida. Masu ƙera na kirki su kan buga rubutu a jikinsa, mai nuna fāɗin ciki da matsin da zai iya ɗauka, kuma bisa ƙa'ida irin waɗannan ba su fashewa sai matsi ya ninka abin da aka rubuta har sau huɗu. Tiyon da ba shi da rubutu ba shi da shaida, wanda ya saye shi kuwa ya sayi gaibu.

Sai maganar bakin ƙarfe da a ke matsewa a kan tiyo, wanda a ke ɗaurawa jikin inji. Nan ne da yawa su ke faɗawa rami. Injunan ƙasar nan daga wurare dabam-dabam su ka fito. Akwai Massey Ferguson ta Ingila, da Fiat ta Italiya wadda aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Steyr wadda aka harhaɗa a Bauci, da Caterpillar ta Amurka, da Komatsu ta Japan, ga kuma na Sin da su ka shigo daga baya. Haƙoran notin Ingila daban, na Amurka daban, na Jamus daban, Komatsu kuma tana da nata. Wani zai shiga zagaye biyu ko uku kamar ya dace, sa'an nan ya cije. Bakaniken da ba shi da haƙuri sai ya sa dogon sifana ya danne, ya cinye haƙoran silinda, gyaran kwabo ya koma na fam.

Yanzu a ɗauka manoma ashirin a Kafin Dafga sun haɗa kuɗi don a haƙa musu tafkin da zai riƙe ruwa saboda lambu da shayar da dabbobi. An biya babbar motar da ta ɗauko katafila, an sayi gas, an fara aiki ran Litinin. Ran Talata da hantsi tiyon hannu ya fashe. Katafila mai nauyin tan 20 ta kan ɗauki man haidirolik wajen ganga guda, famfonta kuwa yana tura lita ɗaruruwa cikin minti ɗaya, saboda haka kafin direba ya kashe inji jarka da yawa sun bi ƙasa. Sai a kwance tiyon, a ba yaro ya hau babur ya nemi mota zuwa Kano, ya shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari neman irinsa. In ya yi sa'a ya dawo da dare. In an ba shi bakin da bai dace ba, gobe ya sāke komawa. Kwana biyu ko uku sun tafi. Mai katafila ya ce kwanakinsa sun cika, wani aiki na jiransa a wani gari. Manoma su ce ba a gama ba. Daga nan sai gardama, har a kai gaban dagaci. Ruwan farko kuwa ba ya jiran a gama shari'a. Da ya sauka ƙasa ta yi taɓo, aiki ya tsaya sai baɗi, rabin rami kuma ya zama tarkon yara da shanu.

Wasu za su ce ƙaddara ce, ƙarfe ma ya kan gaji. Gaskiya ne kowane tiyo yana da ranarsa. Amma kafin ya fashe ya kan yi sallama. Robar waje ta kan tsattsage, waya ta leƙo ta yi tsatsa, gindin baki ya riƙa naso yana kama ƙura, ko wani wuri ya kumbura kamar ƙari. Mafi yawan fashewa kuma da dalili. Ko tiyon yana gugar ƙarfe don an yar da mariƙinsa, ko an ɗaura shi a murɗe, ko ya yi gajarta ana finciko shi, ko kuwa an sa mai waya biyu a wurin mai naɗi huɗu don neman sauƙi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zub da ruwa.

Ƙura ma babbar abokiyar gāba ce, balle da hunturu. Bakanike ya kwance tiyo ya ajiye a ƙasa, ya bar bakin bututu a buɗe, iska na kaɗawa. Ko a zuba mai da mazurarin da ya kwana cikin rairayi. Ƙwayar yashin da ido bai gani ba ita ce za ta shiga famfo ta riƙa goge shi a hankali, kuɗin famfo kuwa ya ninka na tiyo sau da yawa. Haka kuma zuba tsohon baƙin man inji a tankin haidirolik ɓarna ce tsantsa. Man yana da lambarsa, galibi 46 ko 68, abin da littafin injin ya faɗa shi a ke bi.

To, ina mafita? Ta farko tana hannun manoma. Kada ƙungiya ta ba da ko sisi sai an rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. A rubuta cewa awoyin da inji ya yi yana haƙa su a ke biya, tun da kowace katafila tana da agogon da ke ƙirga awoyinta. A rubuta cewa gyara da man da ya zube na mai inji ne, kuma ba zai ɗauke injinsa ba sai aiki ya kammala. Kafin a sauke ta daga mota, mutum biyu masu hankali su zagaya su duba tiyo ɗaya bayan ɗaya, su tambayi direba ko ya zo da na ajiya. Mai injin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya fusata kuwa ya riga ya ba da amsa.

Ta biyu tana hannun 'yan kasuwa. Abin da ke sa a tafi Kano shi ne injin matse baki a kan tiyo. Akwai irinsa ƙarami na hannu, mai famfo kamar jak, wanda ba ya bukatar lantarki, ya kuma isa yawancin tiyon tarakta da ƙananan na katafila. Ɗan kasuwar da ya ajiye shi a garin Ƙaraye ko Rogo, da 'yan naɗe-naɗen tiyo masu rubutu, da bakuna iri-iri, da zobban roba, ya sa yaro ɗaya ya koyi awo sosai, ya buɗe ƙofar arziki. Za a ce katafila nawa ce a ƙasar har da za a zuba jari dominta? Amsa ita ce ba ita kaɗai ke cin tiyo ba. Taraktocin da ke kaftu a gonakin masara da rake, da tifofin yashi, da girēdar gyaran hanya, duk abokan ciniki ne. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya haɗa da jabu, kada kuma ya yanke tsohon baki ya maƙala wa sabon tiyo da walda. Araha ba ta ado. A ƙauye kuwa in tiyon mutum ya fashe sau biyu, kasuwa duka ta ji.

Ta uku tana hannun akawuna da malaman gona masu rubuta takardun sayen kaya. Kowa ya san yadda a kan yi bikin karɓar sababbin injuna, a yi jawabi a tafa, bayan 'yan shekaru a same su jere a farfajiya ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Da yawansu injinsu lafiya lau, ƙananan abubuwa ne su ka kayar da su, sa'an nan aka riƙa cire na wannan ana sa wa wancan. Akawun da ya rubuta kuɗin inji bai rubuta na tiyo da matatar mai da zobba ba, rabin aiki ya yi. Ya kamata kowane inji ya sami littafinsa, a rubuta tsawon kowane tiyo da fāɗinsa da irin bakinsa, da ranar da aka sāke shi. Da wannan littafi ko ta waya a ke iya yin oda, ba sai an ɗauki mataccen tiyo ana yawo da shi rumfa-rumfa ba. Na ajiya kuma a sa shi a inuwa, a toshe bakunansa, gama rana tana cin roba ko ba a yi aiki da ita ba.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi kuɗi, domin ta rai ce. Tiyo ya kan yi 'yar huda kamar ta allura, mai ya riƙa fita siriri, da ƙyar ido ke ganinsa. Kada kowa ya kuskura ya shafa da hannu don neman wurin. Man nan yana huda fata ya shige cikin tsoka. Da fari kamar cizon ƙwaro ne, mutum ya ci gaba da aikinsa. Kafin gobe hannu ya kumbura, in an yi sakaci har a yanke yatsa. Da guntun kwali a ke neman yoyo. Wanda abin ya sama kuwa a kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita man inji ne ya shige shi da ƙarfi, domin aikin fiɗa ne, ba na shafa magani ba. Kafin a taɓa kowane noti a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a saki matsin da ya rage. Kada a bar yaro ya tsaya ƙarƙashin bokiti ko garmar da aka ɗaga, gama mai ne kaɗai ke riƙe da su. Man da ya zube kuma a kwashe shi da ƙasarsa a kai nesa da tafki, kada shanu su sha.

Kaka ita ce lokacin shirya wannan duka, sa'ad da kuɗi ke hannu, rani kuma bai shiga ba. Shugabannin ƙungiyoyin manoma na Kafin Dafga da maƙwabtansu su zauna tun yanzu su tsara takardar haya, su kuma nemi wani ɗan kasuwa na gida su yi masa alkawarin ciniki in ya kawo injin matsewa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye hannuwan masu aiki, amin.