Nazari: Tsaron jirgin ƙasa ya dogara ga sigina, ba ga tsawon layi kaɗai ba

A cikin shekaru goma da suka wuce, Najeriya ta sake waiwayar sufurin jirgin ƙasa. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 a shekarar 2016, na Itakpe zuwa Warri ya biyo baya a 2020, sannan na Legas zuwa Ibadan a 2021. Duk lokacin da aka ƙaddamar da sabon layi, akan yi ta maganar tsawonsa da kyawun taragai da girman tasha. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne tsarin sigina, wato alamun da ke gaya wa direba ya tsaya, ko ya rage gudu, ko ya wuce.

Jirgin ƙasa ba mota ba ne. Direbansa ba ya iya kauce wa abin da ke gabansa, kuma idan ya taka birki sai ya shafe ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya cik. Saboda haka ake rarraba layi kashi-kashi, kuma ba a barin jirage biyu su shiga kashi ɗaya a lokaci guda. A zamanin da, kan layi mai hanya ɗaya, shugaban tasha yakan miƙa wa direba wata alama ta ƙarfe, kuma babu mai shiga wannan kashi sai wanda ke riƙe da ita. A yau lantarki da kwamfuta ne ke wannan aiki. Su ne ke kulle makarkatar layi, wurin da ake sauya wa jirgi hanya, don kada fitila ta ba da izinin wucewa alhali hanyar ba ta daidaita ba.

Abubuwan da suka faru a baya-bayan nan sun nuna inda rauni yake. A ranar 9 ga Maris, 2023, jirgin ƙasa ya yi karo da motar bas ta ma'aikatan gwamnatin jihar Legas a wata mahaɗar titi da layin dogo a Ikeja, inda mutane shida suka rasu. A ranar 26 ga Agusta, 2025, jirgin Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga kan layinsa a tashar Asham, fasinjoji da dama suka jikkata. Duka biyun sun auku ne a wuraren da ake buƙatar alama bayyananniya da kulawar ma'aikata, wato mahaɗa da tasha.

Akwai kuma matsalar ɓarayin kayan layin dogo, wadda Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta sha kokawa a kanta. Wanda ya yanke wayar sigina don ya sayar da tagullar cikinta ya tilasta wa ma'aikata komawa ga tuta da wayar hannu. Nan take gudun jirage ke raguwa, jadawali ya rikice, kuskuren mutum guda kuma ya isa ya jawo asarar rayuka.

Lamarin ya ƙara muhimmanci tun bayan gyaran kundin tsarin mulki na 2023, wanda ya bai wa jihohi damar gina layukan dogo da gudanar da su. Jirgin cikin gari na Legas da ke zirga-zirga tsakanin Agbado da Oyingbo yana bin hanya ɗaya da jiragen tarayya masu zuwa Ibadan. Idan hukumomi biyu za su yi aiki a layi guda, dole ƙa'idar siginarsu ta zama ɗaya. Haka zai kasance ga layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, tunda na biyun zai tsallaka iyaka zuwa Nijar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gidajen adana kayan tarihi na biranenmu na da darasi a nan. A harabar hukumar jiragen ƙasa da ke Ebute Metta a Legas akwai Gidan Jaekel, ginin 1898 da aka gyara ya zama ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da hotuna da tsofaffin kayan aiki. A gidan tarihi na Jos kuma ana iya ganin kawunan jiragen ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. Mai ziyara zai fahimci cewa aikin jirgin ƙasa ya wuce ƙarni guda a ƙasar nan, kuma abin da ya durƙusar da tsohon layin da ya isa Kano a 1911 bai rasa nasaba da sakaci wajen gyara da kulawa ba.

Don haka ya kamata kasafin kuɗin sufuri ya ware kaso bayyananne domin gyaran sigina, horar da ma'aikata da gina gadoji a mahaɗun da ke da cunkoso. Ya kamata kuma a riƙa wallafa sakamakon binciken kowane haɗari, tare da bayyana wa jama'a shawarwarin da aka aiwatar da waɗanda suka rage. Fasinjan da ya sayi tikiti a Rigasa ko Idu ba ya ganin waɗannan na'urori, amma a kansu ya ɗora ransa.