Kuɗin Sauka da Tashi: Wa Ke Biya?

Kwanan baya a tashar Madina mun ji wata Hajiya 'yar kasuwa tana kukan tsadar tikitin jirgi zuwa Legas, tafiyar kamar awa ɗaya. Ƙarshenta bas ta hau, ta sha wahalar iyaka uku: Aflao, Hilakonji da Seme.

To, laifin ba na kamfanin jirgi kaɗai ba ne. Duk jirgin da ya sauka, filin jirgi yana karɓar kuɗin sauka gwargwadon nauyinsa, da kuɗin ajiye shi, da na tsaro, sannan ga wani a kan kowane fasinja. Kamfani kuwa ba zai yi asara ba, a tikitinmu yake lafta su. Rahoton ƙungiyar kamfanonin jiragen Afirka, AFRAA, na 2024 ya nuna Afirka ta Yamma ta fi ko'ina tsada a nahiyar, Arewacin Afirka kuma ya fi arha.

A Disambar 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a Abuja cewa a rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100 daga Janairun 2026. Mun ji, mun gode. Amma mu dai tikiti muke karantawa. Duk wanda ya tashi daga Accra, don Allah ya duba layin haraji a nasa, ya aiko mana, mu gwada shi da na Lome.