Daga Duba-gari Zuwa Digiri Na Biyu: Wane Irin Ilimi Lafiyar Muhalli Take Buƙata?

Duk Bahaushen da ya manyanta ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan ko wane ne duba-gari. A zamanin En'e, da zarar an ce ga shi ya shigo unguwa sai gidaje su ɗauki harama, mata su hau shara, a wanke randuna, a rufe bakin masai. Yakan leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya duba nisan da ke tsakanin rijiya da salga, ya je mayanka ya duba naman da mahauta za su fitar kasuwa. Wanda aka kama da ƙazanta yakan gurfana gaban alƙali ya biya tara. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san shi ba, domin Yarabawa ma suna da sunan da suka laƙaba masa, wato wole-wole. Horar da irin waɗannan ma'aikata ya daɗe a Nijeriya. Dakta Isaac Ladipo Oluwole ne ya kafa makarantar farko ta koyon aikin tsafta a Yaba ta Legas, sannan a farkon shekarun 1930 aka buɗe irinta a Kano.

A yau sunan ya sauya, ana ce da shi jami'in lafiyar muhalli, kuma sana'ar ta sami gindin zama a doka. Doka mai lamba 11 ta shekarar 2002 ce ta kafa hukumar da ke yi wa waɗannan jami'ai rajista tare da ba su lasisin aiki. Kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohi suna ba da ƙaramar difloma da babbar difloma a fannin, wasu jami'o'i kuma suna ba da digiri na farko da na biyu har da na uku. Wannan ne ya haifar da muhawara. Wasu suna ganin aikin da bai wuce leƙa randa da kwashe shara ba, ina ruwansa da digiri na biyu? Wasu kuwa suna ganin yawan masu manyan digirori shi ne ma'aunin ci gaban kowace sana'a. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kansa shi ne, ilimi mai zurfi ya zama tilas a wannan fanni, amma ba shi da wata fa'ida matuƙar zai raba mai shi da unguwa da kasuwa da bakin rijiya.

Abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ya isa hujja ga ɓangaren farko na wannan ra'ayi. A farkon wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura cewa ƙananan yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro zai kama amai da taune-taune, ya suma, ya cika. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, amma mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka auna jinin yaran sannan aka gano gubar dalma ce. Mutanen waɗannan ƙauyuka suna haƙo duwatsu masu zinare a daji, su kawo cikin gari su niƙa a injin niƙa, wasu ma su daka a turmi a tsakar gida. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa ta bi abinci, yara masu rarrafe suka yi ta kai ta baki. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

Abin lura a nan shi ne, da a ce duba-gari na da ya shiga waɗannan gidaje, da zai same su a share tas, ya fita ba tare da ya ga laifin komai ba. Dalma ba ta da wari, ba ta sauya launin ƙasa. Ana gano ta ne da wata na'ura da ake riƙewa a hannu a haska ƙasa, sai kuma gwajin jini. Haka kuma likita shi kaɗai bai isa ya kawo ƙarshen matsalar ba. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma idan aka sallami yaro ya koma gidan da ƙasarsa take da guba, an yi aikin baban giwa. Dole sai an kankare saman ƙasar gidan an kai ta wurin da aka tanada an binne, an zuba sabuwa, sannan a fitar da aikin niƙa dutse daga cikin gari. Wannan aiki kacokan na lafiyar muhalli ne, kuma waɗanda suka jagorance shi ƙwararru ne na wani kamfani mai suna TerraGraphics daga Jihar Idaho ta Amurka, suka yi aiki tare da ma'aikatan jihar suna koya musu. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai a 2013 aka share shi, saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ƙasar da ake haƙar ma'adinai a kusan kowane lungu nata, bai kamata a ce sai ta jira baƙi sun zo daga wata uwa duniya kafin a auna mata ƙasar tsakar gida ba.

Ba dalma kaɗai ba ce. Masana'antun jima da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano suna amfani da sinadarin kiromiyom, kuma an daɗe ana kokawa a kan ruwan da suke fitarwa zuwa koguna, musamman ganin cewa akwai masu noman rani da ke ban ruwa da shi. Ga magungunan feshi da manoma suke zubawa a wake domin kare shi daga ƙwari, ga hayaƙin janareta, ga sharar asibiti. Duk waɗannan ba a gane su da ido ko hanci. Suna buƙatar wanda ya karanci ilimin guba da ilimin yaɗuwar cututtuka da ƙididdiga, wanda ya san yadda ake ɗibar samfuri, a auna shi, a fassara sakamakon, a kuma kare shi a gaban kotu idan lauyan masana'anta ya yi jayayya. Irin wannan ƙwarewa ita ce ake neman karatun gaba da digiri na farko ya samar.

To amma a nan gizo yake saƙa. Sau da yawa ana neman digiri na biyu ne ba don aikin ba, sai don ƙarin girma da sauyin kujera. Jami'i yana kammalawa sai ya bar ƙaramar hukuma ya koma hedikwata, ko ya koma koyarwa, ko wata ƙungiyar ƙasashen waje ta ɗauke shi. Ba za a zarge shi ba, domin kowa yana son ci gaba. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya ɗora alhakin kwashe shara da kula da kasuwanni da mayanka da banɗakunan jama'a a kan ƙananan hukumomi 774, kuma su ne mafi ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Ke nan inda aikin yake daban, inda masu ilimin suke taruwa daban. A shekarar 2021 fiye da mutum 100,000 ne aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Kwalara ba sabuwar cuta ba ce. Tun a 1854 likita John Snow ya nuna a Landan cewa ta hanyar ruwan sha take yaɗuwa, bayan da ya bi gida-gida yana ƙirga mamata har ya gano famfon da suke ɗiba. Iliminta yana nan jibge a littattafai. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya a bakin rijiya da tashar 'yan garuwa ya tabbatar an zuba kulorin daidai gwargwado.

Kundin bincike ma, wanda shi ne ƙashin bayan digiri na biyu, yana buƙatar a sake masa kallo. Ya zama ruwan dare a ga ɗalibi ya rarraba takardun tambayoyi, ya tattara abin da mutane suka ce sun sani game da tsafta, ya jera alƙaluma a jadawali, shi ke nan an yi digiri. Irin wannan bincike yana da sauƙi da arha, shi ya sa ya yi farin jini, amma abin da mutum ya faɗa daban, abin da ke cikin randarsa daban. Wanda zai amsa sunan ƙwararre a lafiyar muhalli ya kamata a ce ya ɗebo ruwan rijiyoyin wata unguwa da hannunsa, ya kai ɗakin gwaje-gwaje, ya gano ko akwai ƙwayoyin cutar da ke nuna bahaya ya gurɓata shi, domin ƙa'ida ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Akwai abin koyi a cikin gida. A 2008 aka fara wani shiri na horar da masu bin diddigin annoba, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan suka riƙa ba da digirinsa na biyu. A tsarin shirin, ɗalibi yakan shafe mafi yawan shekaru biyunsa a fagen aiki, zaman aji kuwa kaɗan ne. Waɗanda suka fito daga wannan shiri sun taka rawa wajen daƙile cutar Ebola a Legas a 2014. Babu abin da zai hana a tsara karatun lafiyar muhalli a kan wannan turba.

Wani abin da ya cancanci gyara shi ne ƙofar shiga. Akasarin jami'an da suka san lungu da saƙo na aikin masu babbar difloma ne, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar su kai tsaye, sai sun yi wata diflomar ta share fage. Wannan ba laifi ba ne in dai ana koyar da abin da ya rage musu, kamar ƙididdiga da dabarun bincike. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauki shekaru goma sha biyar da mutum ya yi yana duba mayanka da gidajen burodi a matsayin ba komai ba. Ya kamata a samar da karatun ƙarshen mako da hutun karatu mai albashi, bisa sharaɗin cewa wanda aka ɗauki nauyinsa zai koma ƙaramar hukumarsa ya yi wasu shekaru, a kuma ba shi matsayi da kayan aikin da za su sa zaman ya yiwu. Sabunta lasisi ma ya dace a ɗaure shi da horo na haƙiƙa, ba taron bita na kwana biyu da ake zuwa domin karɓar takardar shaida ba.

Saura batun harshe, wanda manhajojin wannan fanni ba su cika ba shi muhimmanci ba, alhali ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Ana yin karatun da Ingilishi, amma aikin da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ake yin sa. Yaya za a fahimtar da magidanci cewa ƙasar da ya gada kaka da kakanni, wadda bai ga komai a cikinta ba, ita ce take kashe masa 'ya'ya, kuma sana'ar da ta fi noma kawo masa kuɗi ita ce sanadi? Kalmar “guba” a kunnen Bahaushe takan kawo tunanin abin da aka ci aka faɗi nan take, ko sammu da wani ya yi. Gubar da take taruwa a jiki sannu a hankali, ta daƙushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da ya kwanta ciwo ba, sabon tunani ne da yake buƙatar a zaɓa masa kalmomi da misalai. Haka kuma gidajen kulle ba sa shiguwa ga namiji baƙo, don haka sai an horar da mata a fannin, kuma sai an bi ta hannun dagaci da mai unguwa da liman. Ya dace sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa hannu da sassan lafiyar muhalli wajen daidaita kalmomin fannu, a kuma wajabta wa duk ɗalibin digiri na biyu ya koma wurin mutanen da ya ɗebi ruwansu ko ƙasarsu, ya tara su a ƙofar fada, ya faɗa musu abin da ya gano cikin harshen da suke ji, kafin a sa hannu a kundinsa.