Ba Duk Wanda Ya Miƙe Ne Ya Tsira Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka jarunta ce, alhali kuwa ganganci ne. In an bugi yaro a ciki wajen ƙwallo ko kokawa, ya faɗi yana murƙususu, da zarar ya miƙe sai mu ɗau tafi muna cewa, "Namiji! Koma fili!" A ganina wannan tafin yana iya zama sanadin ajalinsa. Dalilina kuwa shi ne saifa.

Saifa tana ɓangaren hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, girmanta kamar dunƙulen hannu. Aikinta tace jini da yaƙi da ƙwayoyin cuta, don haka kullum cike take da jini. Ga ta da laushi, ba abin da ya lulluɓe ta sai wata 'yar siririyar fata. Gwiwar abokin wasa, ko harbin jaki, ko faɗowa daga kan mangwaro, kowannensu ya isa ya tsaga ta, ko da ba a ga ƙwarzane a jiki ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ba kullum saifa ke fashewa nan take ba. Wani lokaci cikinta ne ke tsagewa, fatar nan kuwa ta riƙe, jini ya yi ta taruwa a ƙarƙashinta kamar ruwa a bayan madatsa. Yaro ya ci tuwonsa, ya shiga aji, kowa ya manta. Sai bayan awa 48 ko fiye, galibi cikin mako 2 na farko, fatar ta ɓarke. Tari ma ko ɗaukar bokitin ruwa yana iya tayar da ita. Jini ya kwarara cikin ciki, ba ko ɗigo a waje. Fiye da shekara 100 ke nan da wani likitan Faransa mai suna Baudet ya bayyana wannan lafawa ta yaudara.

Mu kuwa abin ya fi shafarmu, domin yawan zazzaɓin cizon sauro yana kumbura saifa. Kakanninmu ma sun san yaro mai saifa. In ta kumbura takan leƙo ƙasa da haƙarƙarin da ke kare ta, ɗan bugu kaɗan sai ta samu rauni.

Alamomin ba su da wuyar ganewa: ciwo a saman ciki ta hagu, jiri musamman in an miƙe, zufa mai sanyi, ƙishirwa, bugun zuciya da sauri, cikin ido ya yi fari, ko suma. Akwai kuma ciwon kafaɗar hagu, alhali ba a bugi kafaɗar ba. Jinin da ya zuba ne ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wanda aka ga haka gare shi, kada a gasa masa ciki da ruwan zafi, kada a ba shi asfirin, don yana hana jini daskarewa. A garzaya da shi asibitin da ake fiɗa, a kuma gaya wa likita labarin bugun, ko da ya kwana goma.

Wani zai ce, ashe kowane ɗan karo sai asibiti? A'a, ban ce a daina wasa ba. Amma bugu mai ƙarfi a hagu, wanda ya kayar da mutum ko ya sarƙe masa numfashi, ba ɗan karo ba ne. In an yi hoton ciki da wuri, sau da yawa hutu a gadon asibiti ya wadatar. In an makara kuwa, sai ƙarin jini da cire saifar, mutum ya ƙare rayuwarsa yana kaffa-kaffa da kowane zazzaɓi, in ma an cim masa da rai.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta ta kafa doka: duk wanda aka buga haka a fitar da shi daga fili, likita ya duba shi, kada ya koma wasa sai da izinin likita. 'Yan ɗakinsa kuma su sa masa ido. Kai kuma ɗan'uwa, kada kunyar a ce maka rago ta sa ka ɓoye ciwo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu, amin.