Wa zai riƙe amanar Komadugu, in ba ɗan Komadugu ba?

Tun shekarar 2014 aka kafa jami'a a Diffa, kuma abin da aka ɗora ta a kai shi ne ilimin noma da muhalli. Wannan zaɓi ya dace da jiharmu. Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ja baya. Rairayi na neman binne kwaruruwan dabino da kanwa a Maine Soroa da Gudumariya. Komadugu kuwa wata shekara ta yi ambaliya ta cinye gonakin tattasai, wata shekara ta ƙafe da wuri, domin ruwanta tun daga ƙasar Kano yake tasowa, inda madatsun Tiga da Challawa suke tare shi.

Tambayata ga malamai da iyaye ita ce: ƴaƴan wa za su shugabanci wannan aiki nan da shekara 20? In muka ci gaba yadda muke, ɗan masunci zai zama mai tuƙa kwalekwalen masu bincike, ɗan makiyayi ya zama ɗan jagora, ƴar manomin tattasai ta zama mai dafa wa baƙi abinci, shugaban aiki kuma a kawo shi daga nesa da tafinta a gefensa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na san amsar wasu. Za su ce ilimi ba ruwansa da ƙabila, wanda ya ci bak shi ke shiga jami'a. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya nemi a sassauta jarrabawa. Amma a duba inda aka tsayar da yaran kafin a busa usur. A 2015 mutanen Assaga da ƙauyukan bakin kogi suka baro gidajensu saboda hare-haren Boko Haram, suka koma gefen babbar hanya. An rufe makarantu, dokar ta-ɓaci ta hana babur, ta tsayar da cinikin kifi da tattasai na wani lokaci, wato kuɗin da uba yake sayen littafi da shi. Yaron da ya rasa shekarun firamare a bukkar leda, ka ce masa ƙofa a buɗe take ga kowa, izgili ka yi masa.

Wasu kuma za su ce ƙwararre ƙwararre ne, ko daga ina ya fito. To su je Maradi su gani. An daɗe ana dasa itatuwa suna mutuwa, ana cin manoma tara, daji bai dawo ba. Da manomi ya gane icen gonarsa nasa ne, ya rungumi sassabin zamani, yana barin tohon kututture yana gyara shi, sai ga hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Hindou Oumarou Ibrahim, Bafulatanar Cadi, da ilimin makiyayan gidansu ta hau manyan tarukan duniya kan sauyin yanayi. Gandun Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012, wa ya fi Tubawa sanin rijiyoyinsa da wuraren kiwon barewarsa?

Saboda haka ina kira ga jami'a da ta sauko ta nemi waɗannan yara tun suna kolej, ta keɓe tallafi da ɗakin kwana ga ƴaƴan Barebari, Buduma, Fulani, Tubawa da Larabawan karkara, mata a gaba, ta ba wanda ya zo da giɓi shekarar share fage a lissafi da Faransanci. Aikin fili kuma ɗalibi ya yi shi a ƙauyensu, da harshen da tsofaffi za su buɗe masa ciki.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu malamai, sau nawa muke koyar da darasin ruwa da ƙasa a kan allo alhali kogi na nan kusa? Yaron da ya iya sunayen kifaye 10 da lokacin ƙwansu, muna yi masa kallon daƙiƙi don ya yi kuskuren nahawu. Ku iyaye kuma, kuna son likita da jami'in kwastan, amma in yarinya ta ce muhalli za ta karanta sai ku ce karatun itace ne, a yi mata aure. Gobe in aka zo shata burtali ko raba ruwan noman rani, wanda ya yi wannan karatun shi zai sa hannu a takarda, ku kuwa kuna waje kuna jiran tafinta.

Kowane malamin ajin ƙarshe na firamare ya zaɓi yara biyu a bana, ɗaya mace, ya je gidansu ya zauna da iyayensu, ya bi sawunsu har su ci bak na kimiyya.